Makulli a Gurbin Madubi

Ranar Asabar da safe aka tarar Madubi ba ta nan.

Madubi guduma ce, amma da mutum ne ya ɓata a garejin nan da ba a yi rabin hayaniyar da aka yi ba. Su biyar ne suka kama hayar wurin a bayan layin shaguna, kowa da tsohuwar basfa da yake ta fama ya dawo da ita yadda ta fito daga kamfani. Kayan gyaran jiki kuwa, gudumomi da dunƙulallun ƙarafan da ake tokarewa ta bayan lotsawa, duk na Baba Guduma ne, tsohon fanal-bita da ya ajiye sana'a. Shi ya kawo su ya jera a jikin allo, kowanne da ƙusarsa, ya kuma kafa doka ɗaya tak: duk wanda zai ɗauki abu ya tafi da shi gida, ya zare makullin basfarsa ya rataya a ƙusar abin. Da yake babu basfar da ke tashi a cikin biyar ɗin, makullan ba su da wani aikin da ya wuce wannan. Kullum suna soke a jikin basfofin, duk iri ɗaya, sai ɗigon fenti da aka yi wa kan kowanne don a bambance.

Madubi ita ce gudumar ƙarshe, wadda ake bin ƙarfe da ita a hankali har ya yi sumul. Fuskarta a goge take, mutum na iya duba haƙoransa a ciki. An daina ƙera irinta tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiyar. A ƙusarta, a safiyar nan, makulli mai ɗigon kore ne ke lilo. Kore kuwa na Sista ne, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce ta shigo ƙungiyar a ƙarshe.

"Na ɗauka, ban ce ban ɗauka ba," in ji Sista. "Amma na dawo da ita ranar Litinin, na mayar da makullina jikin basfata."

"To makullin ne ya yi tsalle ya koma ƙusa?" in ji Dillali, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar.

Shugaba, wanda ba a taɓa zaɓarsa ba amma shi ke riƙe da rasit ɗin haya, ya yanke hukunci a tsaye. Asabar mai zuwa, ko Sista ta kawo Madubi, ko ta ajiye makullin ƙofar gareji ta kwashe basfarta. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Basfar ta mahaifinta ce marigayi, gefenta ɗaya a lotse tun daga wani tsohon haɗari, an buga rabi saura rabi. Babu wani wuri a garin da ke da kayan ƙarasa ta. Kuma mace da ke aiki a inda ake ba ta makullin kabad ɗin magani ba ta son a ji an kore ta daga wani wuri saboda ɓatan kaya.

Baba Guduma na zaune a kan kujerarsa ta kullum a bakin ƙofa.

* * *

Da Shugaba ya huce sai ya fara jin ba daɗi, ya kira mijin yayarsa. Mai Sawu ake ce masa, don ya yi shekaru yana bin sawun mafarauta a gandun daji kafin gwiwa ta zaunar da shi. Bai san komai game da basfa ba, kuma bai ga abin da zai sa manya da hankalinsu su ƙare Asabar ɗinsu suna shafa ƙarfe ba. Ya zo da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Yaya, shigo mana ka duba," in ji Shugaba.

"In duba me? Kun tattake wurin kamar an raba kyauta. Kuma rana na tsakiyar ka. Rufe, ba ni makullin, kada kowa ya shiga."

Washegari ya dawo shi kaɗai da sassafe, lokacin da rana ke shigowa a kwance ta ƙofa, don a irin wannan hasken ne ƙaramin abu ke yin inuwa. Ƙasa ba ta ba shi komai ba sai takalman mutum biyar a kan juna. Sai ya ɗaga ido zuwa basfofin da ke jere a jikin bango. Garin samfefa, takardar goge ƙarfe, ya kwanta a kansu fari-fari. A kan kujerar ta farko daga ƙofa akwai jan yatsu, kamar na wanda ya dafa yana wucewa. A ta biyu ma haka. A ta uku yatsun sun bi kujera, sun hau wuya, sun tsaya a ramin makulli. Ta huɗu da ta biyar babu wanda ya taɓa su.

Ta uku ita ce ta Sista. Ta huɗu ta Baba Guduma ce, kuma kamar tagwaye suke, an kankare musu fenti duka sai ƙarfe tsirara. Ya durƙusa da ƙyar yana tsine wa gwiwarsa. Ƙafar da basfar Sista ke tsayuwa a kai ta rasa robarta ta gefe ɗaya, ƙarfen na cin siminti. Inda take tsaye yanzu ƙarcen sabo ne, ɗan kaɗan. Tsohon ƙarce mai zurfi, mai tsatsa, yana can gurbi na huɗu, ƙarƙashin basfar Baba.

Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya rufe ƙofa.

* * *

Mai Sawu ya fara da Dillali, don shi ya fi kowa ɗaga murya. Shagonsa na tsofaffin kayan babura ne, ko'ina fitilu da madubai a rataye. An gaya wa Mai Sawu cewa ya taɓa cewa Madubi kaɗai ta fi basfofin biyar daraja, kuma a makon nan ya gama murfin gefen basfarsa, ya fito sumul da saurin da ya ba kowa mamaki.

"Aikin hannuna ne," in ji Dillali, ya ɗauko murfin daga ƙarƙashin kanta yana shafa shi. "Haƙuri kawai."

Mai Sawu ya karɓa ya ƙwanƙwasa gefe da bayan yatsa, ya ji ƙarar ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa tsakiya, ya ji kamar ya taɓa bango.

"Nan me ya sa ba ya amsawa?"

Dillali ya leƙa waje, ya rage murya. "Don girman Allah kada Baba ya ji. Bodi-fila ce. Na gaji da bugu, na cike ramin na goge. In ya sani, sai ya yi wata guda bai amsa gaisuwata ba."

"Wanda ya cike rami da ƙullu ba ya bukatar guduma. Sai dai ko don ya sayar."

"In sayar wa wa? Duk masu haukar son irin wannan gudumar a garin nan mu biyar ne, kuma huɗu za su gane ta daga nesa."

Mai Sawu ya ga magana ce mai kan gado, ko da yake bai so ta fito daga bakin Dillali ba.

* * *

Mai Fenti, cikon na biyar ɗinsu, ya fi wuyar kamawa. Sai da ya rantse bai leƙa gareji ba duk mako, sannan Mai Sawu ya tambaye shi ko akwai wani a ƙungiyar da ke da takalmi mai ɗigon shuɗi a dunduniya, don ya ga sawunsa har bayan basfofi, inda injin feshi yake.

Mai Fenti ya dubi takalminsa ya yi dariyar yaƙe. "To, ranar Talata na shiga. Wani aikin waje na samu, ƙofar gida, na ari injin ƙungiya. Shugaba ya hana, shi ya sa na yi shiru."

"Ta ina ka fito da injin?"

"Basfa biyu na janyo, ta Baba da ta Sista, na fito da shi, na mayar da su."

"Kowacce gurbinta?"

"Oho. Ai duk ɗaya ne. Ko uwar da ta haife su sai ta duba lamba."

"Madubi fa?"

"Tana nan a ƙusarta, wallahi. Har na duba fuskata a ciki na ga fenti a hancina."

"Ka san haka, ka ji ana cewa ba ta dawo da ita ba, ka yi shiru."

Mai Fenti ya sosa ƙeya. Ya ce ai yana shirin faɗa. Mai Sawu ya ji irin wannan shirin a bakin mutane da yawa, bai taɓa ganin ranar da aka gama shi ba.

* * *

Sista ya samu a barandar asibiti lokacin hutunta, tana cin abinci a tsaye. Ya gaya mata an ga gudumar ranar Talata. Ba ta yi murna ba.

"Za su ce na koma ranar Laraba. Ina da makullin ƙofa kamar kowa."

"Haka za su ce. Akwai wanda kuka samu saɓani da shi?"

"Dillali ba ya son mace a gareji, amma wannan ba saɓani ba ne, ciwo ne." Ta rufe kwanonta. "Mun ɗan yi sa-in-sa da Baba kwanakin baya."

"A kan me?"

"Na ba shi shawara, ya ce in tsaya a kan allurata."

"Wace shawara?"

"Kawu, abin da na gani a jikin mutum ba na kai shi kasuwa. Aikina ne ya hana."

"Ko da zai cece ki?"

Ta kalli masu jiran layi. "Shi ya koya min riƙe guduma," ta ce. "Shi kaɗai ne bai yi dariya ba ranar da na turo basfar babana. In yana da magana, yana da baki."

Ta koma bakin aikinta. Mai Sawu ya ji haushinta kaɗan, ya kuma ji ta burge shi, duka a lokaci ɗaya.

* * *

Gidan Baba Guduma na ƙarshen wani lungu, da 'yar rumfa a tsakar gida inda ya ajiye tsohuwar uwar maƙerarsa. Tun daga soro Mai Sawu ke jin ƙarar samfefa a kan ƙarfe, a hankali, ba tsayawa. Da ya yi sallama ƙarar ta ɗauke, ya ji an ja aljihun tebur an rufe.

Tsohon ya amsa da fara'a, yana kallon ɗan gefe da inda baƙon ke tsaye. Sai da Mai Sawu ya sake magana ya juyo daidai, ya ce, "Au, surukin Shugaba ne. Zauna." Yatsunsa sun yi baƙi da garin ƙarfe. Da zai zuba shayi, ya ɗora yatsa ɗaya a bakin kofi, bai daina zubawa ba sai da zafi ya taɓa shi.

"Aiki ake yi, Baba?"

"Wasa dai. Hannu ba ya son zama."

Suka taɓa hira a kan gwiwa da tsufa. Sannan Mai Sawu ya ce, "Ranar Asabar za a karɓe makullin ƙofa daga hannun yarinyar nan."

"Doka ce. Ni na kafa ta."

"Wanda ya ɗauki gudumar ma ya bi dokar. Ya tsaya ya rataya makulli. Na yi shekaru ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya tsaya yin wannan ba."

Baba Guduma ya kurɓi shayi.

"Ina so in share garejin kafin taro," in ji Mai Sawu yana miƙewa. "Zan fitar da basfofin duka waje. Na ce bari in gaya maka tun yanzu."

"Allah ya kai mu," in ji tsohon.

Mai Sawu ya fito bai ji daɗin kansa ba. Ya saba bin sawun wanda ke gudu. Wannan a zaune yake, har ya ba shi shayi.

* * *

Ranar Asabar suka tarar da basfofin biyar a filin gaban gareji, a warwatse cikin rana, wata ta kalli gabas wata ta kalli bango. Mai Sawu ya mayar da koren makullin jikin basfar Sista, kowacce da nata. Baba Guduma ya zo daga ƙarshe da jakar fata a hammata, ya lalubi kujerarsa ya zauna. Sista na tsaye, makullin ƙofa a hannunta, ta riga ta cire shi daga cikin sauran makullanta.

"Ban zo da dogon bayani ba," in ji Mai Sawu. "Ranar Litinin gudumar ta dawo. Mai Fenti ya gan ta ranar Talata, zai faɗa muku abin da ya kawo shi in ya ga dama. A ranar ya sauya wa basfa biyu gurbi bai sani ba. Bayan nan wani ya shigo, ya ɗauki gudumar, ya je zaro makullinsa kamar yadda doka ta ce. Ya je gurbin da ya saba. Basfarsa ce ba ta nan."

"Ai da ya ga launin makullin," in ji Shugaba.

"Da ya gani. Yanzu abu ɗaya nake so. Kowa ya fita ya kawo min makullin basfarsa."

Dillali ya yi tsaki ya fita. Shugaba da Mai Fenti suka bi shi. Sista ta dubi Mai Sawu da wani irin kallo, sannan ta fita ita ma. Ba a daɗe ba suka dawo, makulli huɗu suka sauka a kan tebur.

Baba Guduma ya tashi. Ya kai bakin ƙofa, ya miƙa hannun dama inda kujerar basfa ta farko ta saba zama. Hannun bai samu komai ba. Ya tsaya a nan, rana na dukan fuskarsa, yana juya kai a hankali daga wannan ƙyalli zuwa wancan. Dillali ya buɗe baki, Shugaba ya taka masa ƙafa.

Can tsohon ya juyo. Ya buɗe jakar, ya zaro abu a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a tebur. Madubi ce. A gefen fuskarta akwai ɓalli kamar rabin farce, kewaye da shi duk zanen samfefa.

"Wani murfi nake bi a gida," ya ce. Muryarsa ba ta canza ba. "Hannu na ji, har gobe hannu na ji. Na ɗaga na sauke, sai na samu gefen uwar maƙera. Na kori yara daga shagona a kan abin da bai kai wannan ba." Ya shafa ɓallin da babban yatsa. "Na ce in goge ta in dawo da ita kafin Asabar, ba wanda zai sani. Da aka ce makullin kore ne, na gane abin da na yi. In na ce nawa ne kuskuren, sai an tambaye ni yadda aka yi ban ga launi ba."

"Sai ka bari a tambaye ni," in ji Sista.

"Na bari."

"Mako guda, Baba. Ina tsaye ana kirana ɓarauniya, kana zaune a kujerar nan."

"Ina zaune."

Shugaba ya fara wani jawabi a kan afuwa da zaman tare. Ba wanda ya saurare shi, shi ma ya bari a tsakiya.

Sista ta mayar da makullin ƙofa cikin jakarta. Ta ɗauki gudumar ta juya ta a haske, ta daɗe tana duban ɓallin. Sannan ta ɗauki koren makullinta daga tebur, ta je jikin allo, ta rataya shi a ƙusar Madubi da hannunta, ta naɗe gudumar cikin tsumman.

"Wannan karon ni na ɗauka, kowa ya shaida," ta ce. "Yanar ido ce ke damunka, na gaya maka tun tuni, aikin rabin yini ne a cire ta. Likitan ido na zama ranar Laraba. Ranar da ka iya ganin ɓallin nan da idonka, ka zo ka karɓa ka gyara abinka."

"In ban je ba fa, 'yar nan?"

"Sai makullina ya tsufa a ƙusar."

Ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Baba Guduma ya koma kujerarsa, jakar wofi a cinyarsa. Bayan ɗan lokaci ya tambaya, ba tare da ya fuskanci kowa ba, ko ƙarfe nawa ake fara ganin likita ranar Laraba.

Mai Sawu ya miƙa wa Shugaba makullin gareji. Suka shiga turo basfofin ciki ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tagwayen, Mai Fenti ya durƙusa ya duba lamba, sannan ya kai ta Baba gurbi na uku.